Katangar Zunubi da Kuɗin Fansa: Musayar Waƙa a Kan Annabawa

Malam Iliya Wusasa

Salama gare ku, 'yan'uwa. Na aza harsashi daga Ishaya 59. Mai amsawa ya amsa da baiti, ya kuma faɗi inda ya ɗebo. Ba ma son "an ce".

Ishaya ya ce hannun Ubangiji bai gajarta ba,
Har da zai kasa cetarwa.
Kunnensa kuma bai yi nauyi ba,
Kukan bawa yana iya kaiwa.
Laifinku ne ya gina katanga,
Fuskarsa ta ɓuya, ga tushen rabuwa.
Bai bar zunubin a dunƙule ba,
Gaɓa-gaɓa ya bi shi yana ƙirgawa:
Hannu da jini, yatsu da mugunta,
Leɓe da ƙarya, harshe da cutarwa.
Suna kwanci a kan ƙwan maciji,
Wanda ya ci shi sai mutuwa.
In ka fasa don ka huta da shi,
Abin da zai fito kububuwa.
Saƙarsu saƙar gizo-gizo ce,
Ba ta yin riga, ba ta rufewa.
Shi ya sa ake lalube da tsakar rana,
Kamar makaho a jikin bango, ana faɗuwa.
Gaskiya ta yi tuntuɓe a dandali,
Adalci ya tsaya nesa, ya kasa shigowa.
To ga tambaya, masu alƙalami:
In mu muka gina, wa ke da ikon rushewa?

Mama Saratu Kagoro

Malam, kafin a zo rushewa, a ga yadda rabuwar ta auku, don ba a rana ɗaya ba ne. Ezekiyel 8 zuwa 11.

Shekara ta 6 ta zaman bauta a Babila,
Wata na 6, rana ta 5, aka nuna masa ru'ya.
An kai shi Haikali ta ƙofar arewa,
Ga gunki tsaye mai tsokano kishi, ba kunya.
An ce ya haƙa bango ya shiga: dattawa 70 a duhu da turare,
Suna cewa Ubangiji ba ya gani, ya bar ƙasar gaba ɗaya.
Mata zaune suna kukan gunki Tammuz,
Wannan ƙazanta ta 3 ce, ga ta 4 mai karya zuciya:
Maza wajen 25 tsakanin shirayi da bagade,
Fuska ga rana, Haikali kuwa a baya.
Sai ɗaukakar Ubangiji ta tashi, amma ku lura da takunta,
Ba gudu ta yi ba, tafiya ce ta mai waiwaya.
Daga kan kerubobi zuwa bakin ƙofa, zangon fari,
Sai ƙofar gabas, nan ma ta tsaya.
Na 3, dutsen da ke gabas da birni,
Na Zaitun, can aka rabu da ita a hanya.
Shekara 6 bayan haka, 586 kafin Almasihu,
Babila ta cinna wa gida wuta, Mai gidan ya riga ya yi tafiya.

Dogara

Mama, a gafarce ni, ina da tambaya,
Ba an ba su magani ba, Ranar Kafara?
Firistoci 16 ta shimfiɗa tsarin:
Ran 10 ga wata na 7, kowace shekara.
Babban firist ya yi wanka, ya ajiye ado,
Lilin guda 4: rawani, riga, wando, ɗamara.
Bijimi domin kansa da gidansa tukuna,
Mai datti ba ya yi wa wani shara.
Bunsuru 2 daga jama'a, a jefa ƙuri'a,
Ɗaya na yanka, ɗaya jeji za a tura.
Kasko cike da garwashi, turare cike da tafi 2,
Hayaƙi ya rufe murfin akwatin alkawari kafin ya fara.
In babu hayaƙin nan, mutuwa ce,
Mutuwar Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna, ta isa abin lura.
Jini da yatsa sau 7 a gaban murfi,
Ba kowa a alfarwa, jama'a na waje suna jira.
Hannu 2 a kan bunsuru mai rai, ya furta laifi,
A ba wani ya kai shi inda ba gida ba karkara.
Gawar bijimi da ta bunsurun yanka, a bayan zango,
A ƙone su ƙurmus, kada a bar saura.
To in duk wannan yana nan a Urushalima,
Me ya sa ɓarakar ta gagari gyara?

Fasto Ayuba

Ɗana Dogara, ka iya lissafi,
Abu 3 ne suka kashe magani.
Na 1, Ishaya 1: na ƙoshi da kitsen ragunanku,
Kuna ɗaga hannu ga addu'a, hannun cike da jini.
Maraya da gwauruwa ba a bi musu hakki ba,
Ran azumi ma ana matsa wa 'yan ƙodago, sura 58 ta yi bayani.
Na 2, Irmiya 7: sun mai da Haikali laya,
"Haikalin Ubangiji" har sau 3, dogara ga gini.
Ya ce su je Shilo su duba kufai,
Inda sunansa ya taɓa zama a wani zamani.
Na 3 yana cikin tsarin kansa:
Abin da sai an maimaita baɗi bai kai saiwa ba, ka sani.
Jinin dabba ya tsarkake wuri, zuciyar dutse na nan,
Ezekiyel 36: sai an cire ta an sa ta tsoka, aikin Mai Iko ne, ba na wani.

Malama Ladi Gindiri

Baba Fasto, ciwon ya fito fili. Bari in ɗauko kalmar da ke Ishaya 59:20, Mai Fansa. A Ibrananci go'el ake cewa, kalmar gado ce da gona. Duk wanda ya ga yadda dangi ke haɗa kuɗi su fanso gonar da aka jinginar zai gane ta da wuri.

Firistoci 25 ta kafa dokar fansa:
Ba a sayar da gona har abada, ta Allah ce ƙasa.
In talauci ya sa mutum ya saki gonarsa,
Dangi mafi kusa ne zai biya ya karɓo masa.
Kuɗin ba na ja-in-ja ba ne, lissafi ne a bisa
Yawan girbin da ya rage kafin shekara ta 50, ta mayar da gona, ta isa.
Gida a birni mai ganuwa kuwa, dokarsa ba wasa:
Shekara 1 cur ce, in ta wuce ya zama na mai sayensa.
In mutum ya sayar da kansa ga baƙo mai arzikinsa,
Ɗan'uwa, ko baffa, ko ɗan baffa, ko wani na jininsa,
Su ke da hakki, bare ba ya cikin layin fansa.
Sharaɗi 2 ke nan: ya zama dangi, ya zama da abin hannunsa.
Ishaya 59:16 ta ce an duba, ba kowa, sai Ubangiji ya sa damtsensa,
Ya ɗaura sulken adalci, kwalkwalin ceto a kansa.
Abin da ke girgiza ni: ya ɗauki sunan dangin bawansa.
Ƙahon shekara ta 50 ma, a Ranar Kafara ake busa.

Dattijo Bitrus Zonkwa

Malama, ga wanda ya yi aiki da dokar a zahiri,
Irmiya 32, annabi ya fanshi gona.
Shekara ta 10 ta sarki Zadakiya, Babila ta kewaye birni,
Shi kuma a tsare, a filin matsara yake kwana.
Hanamel ɗan baffansa ya zo da tayin filin Anatot,
Hakkin gado da fansa naka ne, ga magana.
Shekel 17 na azurfa, ba ƙirgawa aka yi ba,
A kan ma'auni, gaban shaidu, aka auna.
Takarda 2, ɗaya da hatimi, ɗaya a buɗe,
Baruk magatakardansa ya sa su a tulun yumɓu don wata rana.
Ba mai sayen fili ranar da gari ke faɗuwa,
Sai wanda aka ce masa za a dawo a zauna.
An kuwa dawo: Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539,
Izinin komawa ya biyo baya, Ezra 1 ta nuna.

Dogara

Baba, gona an biya ta da azurfa,
Amma Ishaya 52 ta ce ba da kuɗi za a fanshe ku ba.
A banza aka sayar da ku, sura 50 ma ta tambaya
Wane mai bin bashi aka ba, ba a samu ko ɗaya ba.
In babu shekel, da me aka biya?
Fansa ba farashi, ban gane ta ba.

Malam Iliya Wusasa

Matsa gaba kaɗan, ɗana, sura 53,
Can aka rubuta abin biya da mai bayarwa.
Aya ta 10 ta kira ran Bawan hadayar laifi,
Kalmar doka ce, ba ado ba ce don burgewa.
A Firistoci 5 da 6, mai laifi ya mayar da abin da ya ci,
Ya ƙara kashi 1 cikin 5, da rago marar aibi na yankawa.
Bawan nan bai ci na kowa ba, ba ha'inci a bakinsa,
Amma shi aka soke, shi aka yi wa murƙushewa.
Mu muka watse kamar tumaki, kowa da hanyarsa,
Laifin duka a kansa aka ɗora, ba ragewa.
Ka ga bunsurun nan 2 sun haɗu a mutum ɗaya:
Ga mai mutuwa, ga mai ɗaukewa.

Gaskiya ɗaya sai an faɗe ta: malaman Yahudawa da yawa suna ɗaukar Bawan nan Isra'ila ce, kuma ba su rasa madogara ba, don Ishaya 41:8 da 49:3 sun kira ta haka. Amma 49:5 ta ce aikin Bawan ne ya komo da Yakubu, wanda ya ɓata kuwa ba shi ke nemo kansa ba. Shi ya sa na tsaya inda Filibus ya tsaya da ma'ajin sarauniyar Habasha a Ayyukan Manzanni 8: Yesu ne.

Mama Saratu Kagoro

Na bar ku a kan dutse, ɗaukaka ta fita. Ezekiyel 40 zuwa 44.

Shekara ta 25 ta zaman bauta, ta 14 bayan faɗuwar birni,
Aka sake kai annabi ƙofar gabas a ru'ya.
Shekara 19 ke nan tun ganin fitar ɗaukaka,
Ta inda ta fita, ta nan ta juyo, ƙofa ɗaya.
Ƙararta kamar ruwa mai yawa, ƙasa ta haskaka,
Ya faɗi rubda ciki, Ruhu ya ɗaga shi zuwa farfajiya.
Sura 44 ta ƙara abin da ake yawan tsallakewa:
An rufe ƙofar, ba mutumin da zai bi ta wannan hanya.
Dalili ɗaya aka bayar, Ubangiji ya shiga ta nan,
Don haka a rufe za ta tsaya.
Shugaba kaɗai zai zauna cikinta ya ci abinci a gabansa,
Shi ma ta shirayi zai shigo, ta shirayi zai koma baya.