Wai da gaske ƙwaro ake sakewa ya kashe murzuna?

Ɗan_Tasawa: Salamu alaikum jama'a. Bara murzuna, tsutsar nan mai cin zangarniyar gero, ta yi mini ɓarna, zangarniya ka ganta gwanin kyau sai ka matsa kusa ka tarar an zagaye ta da layi kamar an murɗe, ba ƙwaya. To yanzu ƙanena ya dawo daga Maraɗi wai ana rataye wasu 'yan buhuna a gona ƙwari na fitowa suna kashe tsutsar. Ni dai ban gane ba, ƙwaro kuma a ƙara wa gero?

MalaminGona: Wa alaikumus salam Baba. Gaskiya ya faɗa maka. Sunanta Habrobracon hebetor, dangin zanzaro ce amma ƙanƙanuwa, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Macen ce mai aikin, in ta samu tsutsa sai ta harbe ta, dafin ya sanƙarar da ita ba ta mutu ba kuma ba ta motsi balle ci, sannan ta zuba ƙwanta a jikinta ta waje, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su yi ta tsotsa har sai fata ta rage. Daga ƙwai zuwa babba wajen kwana 10 ne in da zafi. Buhun da ya gani na cibiyoyin binciken noma ne, INRAN da ICRISAT, gero da gari ake sawa da tsutsar shinkafar ajiya 25 da matan ƙwaron biyu da suka riga suka haɗu da namiji. Wannan haɗuwar dole ce fa, ƙwan da namiji bai taɓa ba maza zalla yake bayarwa, namiji kuwa ba ya harbi.

Uwar_Sadiya: Ikon Allah! Kenan kamar zanzaron da ke ginin laka a ɗaki, muna yara ake ce mana tsutsar ce ke rikiɗa ta zama ɗansa ashe cinye ta ɗan yake yi. Amma Malam ba ta harbin mutane? yarana kullum suna gona.

MalaminGona: Ba ruwanta da mutum Hajiya, ba rina ba ce, geron ma ba ta ci. Abu ɗaya dai Baba, in an rataya kar a yi feshi, maganin ita zai fara kashewa.

Ɗan_Tasawa: To in na rataya bana shikenan har baɗi?

MalaminGona: A'a, da rani murzunar ƙasa take shiga ta kwanta, ita kuma 'yar zanzaron ta rasa abinci yawanta ya faɗi. Duk damina sai an sake, daidai lokacin da gero ya fidda kai, kuma ku haɗa kai da maƙwabta don tashi take ba ta san iyakar gona ba.