Neman kalma: mi za mu ce wa épave kafin Alhamis?

Mai shirin yara, Sabon Gari: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da shirin yara a rediyo ranar Alhamis kan tsofaffin jiragen ruwa, takardar da nike fassarawa kuma da Faransanci take. Kalma guda ta tsai da ni: épave. Jirage ukku ne a ciki. Akwai Vasa, jirgin yaƙin sarkin Suwidin mai igwa 64, wanda iska ta kifar ranar 10 ga Agusta 1628 tun bai fita tashar Istokholm ba, don nauyin sama ya rinjayi na ƙasa. Sai 1961 aka tsamo shi, bayan shekara 333. Akwai Titanic da ya nutse 1912, aka gano shi 1985. Sai Eduard Bohlen na Jamusawa da ya kafe a gaɓar Namibiya 1909, yau yana kwance cikin rairayi, nesa da bakin ruwa. Kalma guda nike so ta ɗauke su duka. Ku taimaka.

Ɗan Tibiri: Mushen jirgi. Abin da ya mutu ba a yanka ba, aka bar shi inda ya faɗi.

Malama ta lakwal ɗin Zariya: Yaya, a takarda ya yi, amma ban da shirin yara. Ɗiyanmu malaminsu suke ce wa mushe. Ko da muryar ta bambanta, za su ɗauka malamin jirgi ake nufi. Ni kangon jirgi na fi so.

Ɗan Madarunfa: Kango ya yi mini. Akwai wani tsohon jirgin masunta a bakin tabkinmu, gindinsa ya ruɓe, ciyawa ta fito ta tsakiya, kwaɗi na kwana ciki. Kowa kango yake ce mishi.

Baba mai ritaya, Bagalam: Kango na gini ne, sai da bango. Kullum kuna aron rigar wani abu kuna sa wa wani, sai ka ce harshen ya tsiyace. Mi ya hana mu ƙera tamu? Ni na ce NITSAU. Kamar mantau, kamar fiddau. Gajera ce, Hausa ce tsantsa, ba ta jingina da kowa ba.

Mai shirin yara: Allah shi ja kwana Baba, kalmar ta yi daɗin faɗi. Sai dai na Namibiya bai nitse ba, kafewa ya yi.

Baba mai ritaya: Ɗiyata, don jirgi guda ba a yar da kalma. Faɗi nitsau sau ukku a iska, ta zauna. Haka jirgin sama ya zauna, alhali jirgi can asali na ruwa ne.

Ɗalibi daga Kano: Da girmamawa, mu a nan tarkacen jirgi ko ɓaraguzan jirgi muke ji a labarai. Ita ce daidaitacciya, me zai sa a wahala?

Ɗan Tibiri: Daidaitacciya ga wa? Wa ya ba Kano hatimin Hausa? Sarautar Katsina ta Haɓe nan Maraɗi ta zauna bayan jihadi, ba a zo a koya muna magana ba.

Ɗalibi daga Kano: Yaya ban zo da faɗa ba. Amma littattafan da kuke karantawa ai daga wajenmu suke zuwa.

Baba mai ritaya: Shi ya sa na ce mu ƙera tamu. Wanda bai haifi kalma ba, kullum ta wani zai goya. In nitsau ta fito daga Kano da tuni kun karɓa.

Malama ta lakwal ɗin Zariya: Don Allah ku bar wannan, baiwar Allah tana da aiki jibi. Ƙanena na Kano, ba don daga ina ta fito na ƙi tarkace ba, don ƙarya za ta yi wa Vasa. Ruwan tekun Baltik, inda ya nutse, ba shi da gishiri sosai, tsutsar da ke cin katakon jirgi ba ta rayuwa a ciki, shi ya sa ya fito kusan cikakke, da sassaƙe-sassaƙensa. Shekara 17 ana fesa mishi magani kada ya tsattsage, yau yana tsaye a gidan tarihinsa. Wannan ba a ce mishi tarkace.

Alhaji na kasuwa: Kufan jirgi fa? Kakata har ta rasu kufai take ce wa tsohon garin Maraɗi na ƙasa, wanda Gulbi ya cinye 1945.

Ɗan Madarunfa: Alhaji, kufai wuri ne da mutane suka tashi. Na cikin Joola, jirgin fasinjan Senegal, ba su tashi ba. Ya kife gaɓar Gambiya ranar 26 ga Satumba 2002 tsakanin Ziginshor da Dakar, mutum fiye da 1,800 suka rasu, kuma har yau ba a tsamo jirgin ba. Irin wannan ni ba ni iya ce mishi komi sai gawar jirgi.

Malama ta lakwal ɗin Zariya: Allah shi jiƙansu. Gawa ta ɗauki ukkun duka: ana barinta ƙarƙashin ruwa, ana yar da ita a rairayi, ana tono ta. Kuma yaro ɗan shekara bakwai zai gane ba tare da bayani ba.

Baba mai ritaya: Gawa ta mai rai ce. Yau mun ba ƙarfe gawa, gobe sai mu yi mishi sallah.

Ɗan Tibiri: Baba, mu da ke cewa mota ta mutu, fitila ta mutu, kasuwa ta mutu? Na janye mushe, na bi gawa.

Mai shirin yara: Na gode ƙwarai. Zan ce gawar jirgi a matsayin babbar kalma, na Namibiya in ƙara da kango don yara su ga siffarsa. Vasa kuwa tun da an tashe shi, tsohon jirgin da aka tsamo kawai zan ce. Baba, zan faɗi nitsau sau guda a ƙarshe, in tambayi masu saurare ra'ayinsu.

Baba mai ritaya: Sau guda bai isa ba, amma to. Ki ja wasalin ƙarshe da kyau, kuma ki ce daga Bagalam ta fito.

Ɗalibi daga Kano: Ni dai a jarrabawa tarkace zan rubuta. Ƙarfe nawa ne shirin?