An karɓi lambar katin zaɓenku kafin zaɓen 2023? Me ya biyo baya?

Tela daga Kano: Assalamu alaikum jama'a. Ana saura kamar wata guda zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, wasu mata biyu suka shigo gidanmu da littafi mai bangon kwali, wai za a raba wa mata jari. Suka kwafi doguwar lambar da ke jikin katin zaɓen mahaifiyata, da lambar wayarta, da ta asusun banki. Jari dai shiru. Ana gobe zaɓe da daddare sai ga kira: "Hajiya, sunanki na wurinmu, mun san rumfarki." Baiwar Allah ta je ta dangwala wa wanda ba ta so, don ta yarda ana ganin ƙuri'arta a kwamfuta. Har yau abin na ci mini rai. Akwai wanda ya gamu da irin haka?

Malamin makaranta daga Zariya: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, a ba Hajiya haƙuri, tsorata ta kawai aka yi. Na yi aikin wucin gadi a rumfa ranar. Lamba kaɗai ba ta jefa ƙuri'a, sai na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta gane yatsan mutum ko fuskarsa, kuma babu sunan kowa a takardar ƙuri'a. Suna da rumfa ma ba sirri ba ne: a Janairun 2023 hukumar zaɓe ta INEC ta miƙa wa jam'iyyu 18 rajistar masu zaɓe, mutum miliyan 93 da ɗoriya. Lambar waya da ta banki su ne abin da suka zo nema.

Uwargida daga Bauchi: Malam, mu katin ɗungurungum suka karɓa. Lokacin wahalar takardun naira ne, mun kwana uku muna bin masu POS. Wani yaro ya zo da sababbin dubu biyu, ya ce mu ba shi katin ajiya, ranar zaɓe zai kawo. Mu shida a layinmu muka bayar. Bai dawo da su ba sai bayan zaɓen gwamna na 18 ga Maris. Daga baya na gane sun san unguwarmu ba tasu ba ce, zamanmu a gida suka saya. Kunyar kaina na ji, wallahi.

Tsohon ejan daga Sakkwato: Gaskiya ne Uwargida. Ni ma na riƙe irin littafin nan, gida-gida muke bi muna sa alama: namu, nasu, mai iya juyawa. Na ukun ake kai wa taliya da atamfa. Ni fargabata ta fi yawa bayan ƙirge, ganin sakamakon shugaban ƙasa ya yi jinkirin hawa IReV, shafin INEC na duba sakamako. Hoton takardar sakamako (EC8A) ta rumfarmu na nan a wayata har yanzu.

Tela daga Kano: Na karanta wa Hajiya bayanin Malam. Ta yi shiru, sannan ta ce in tambaya mata: littafin nan da ke ɗauke da lambar bankinta, yanzu yana hannun wa?