Tikitin Alhambra ya ƙare, ya zan gyara tsarin tafiyar?

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka taɓa zagaya tsofaffin biranen Andalus a kudancin Sifaniya, ina neman shawara.

Ni da mahaifiyata za mu je, kuma tsarina shi ne Sabiliya, sai Kurɗuba, sai Garnaɗa. A Garnaɗa abin ya cije. Fādojin sarakunan Banu Nasr da ke cikin Alhambra (tsohuwar unguwar sarauta mai ganuwa a Garnaɗa), waɗanda suka yi mulki har 1492, ba a shiga sai a lokacin da aka rubuta a tikiti, ga shi na ranar da za mu isa ya ƙare kaf. Akwai na lambunan Generalife da ganuwar Alcazaba, amma gaskiya saboda Farfajiyar Zakuna da ke cikin fādojin Hajiya ta yarda da tafiyar.

Na gwada juya tsarin, mu fara da Garnaɗa. To sai ranar Kurɗuba ta faɗo Litinin, ranar da ake rufe Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na Uku ya gina a ƙarni na 10. Babban masallacin Kurɗuba da aka fara a 785 dai za mu gani, amma ban so mu rasa kufan nan ba.

Shin ziyarar dare a fādojin Alhambra tana wadatarwa, ko duhu na ɓoye zanen bangon? Kamfanonin da ke haɗa tikiti da ɗan jagora abin amincewa ne, tunda tikitin da suna da lambar fasfo ake yankarsa? Sannan Hajiya na fama da ciwon gwiwa, hawan Alcazaba zai yiwu mata kuwa?