Wannan Watan: Me Ya Burge Ku, Me Ya Tsaya Muku a Wuya?

Uwar Biyu:
Jama'a barkanmu da ganin ƙarshen wata. Kowa ya zazzage jakarsa: me kunne ya ji, me baki ya ɗanɗana, me ido ya kalla, me kuma ya ɓata rai. Ni da ɓacin ran zan fara, don har yanzu bai wuce min ba.

Mun fita cin abincin dare ni da ƙanwata, wata shida rabonmu da zama mu biyu babu yara. Wuri tsaf-tsaf, abinci ba laifi, amma lasifikar tana daidai saman teburinmu. Tana ba ni labarin abin da ya sa ta ajiye aiki, ni kuwa leɓenta kawai nake kallo ina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Sau uku ina cewa "me kika ce?" A na huɗu kunya ta kama ni, sai na yi dariya. Ashe maganar ba ta dariya ba ce. Na roƙi yaron da ke kawo abinci a rage mana sautin, ya ce to Anti. Aka rage, ko minti biyar ba a yi ba ya koma yadda yake.

Na daɗin kuwa, wani faifai ne na murya da jita kaɗai. Idan yara sun yi barci nake saka shi ina wanke-wanke, har numfashin mawaƙiyar ana ji kafin ta ɗauki baiti.

Malam Injiniya:
Sannu Hajiya, na san wannan ciwon. Kuma ba lasifikar kaɗai ba ce. Idan hayaniya ta tashi, mutum yakan ɗaga murya bai ma sani ba. Wani likita Bafaranshe, Étienne Lombard, shi ya bayyana haka tun 1911, har abin ya ci sunansa. Teburinku ya ɗaga, na kusa da ku ya ɗaga don ya ji kansa, sai a ƙaro kiɗa don ya rufe surutun. Kowa na kuka da kowa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne yadda hayaniya ke cin ɗanɗano. Bincike ya nuna ƙara mai yawa tana dusashe zaƙi da gishiri a baki. Akwai ma gwajin da Charles Spence na Jami'ar Oxford ya yi da abokin aikinsa: aka sa wa mutane abin sauraro a kunne suna cin soyayyen dankali mai ƙaras-ƙaras, duk sanda aka ƙara musu sautin taunar sai su ce wannan ya fi sabunta, alhali duk iri ɗaya ne. Har lambar Ig Nobel, wadda ake ba binciken da ke ba da dariya amma yake sa tunani, suka samu a 2008. Wato mai dafa abincin yana can yana zufa a kicin, mai kunna kiɗa yana nan yana ɓata masa aiki.

Abin da na ji daɗinsa a watan nan ƙarami ne. Na kunna wurin da wayata ke lissafa ƙarar da nake ɗura wa kunnena. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) na awa 40 a mako shi ne iyaka ga babban mutum, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Na duba nawa na mako guda, ban gaya wa kowa ba, na dai rage.

Ɗan Auta:
Haba Malam, ku manya komai sai kun kawo masa lissafi. Ni fa idan na shiga wuri na ji tsit, har ƙarar cokali kana ji, sai in ga kamar layin asibiti nake. Kuma a irin wurin da Anti take kuka da shi na tsinci waƙar watana. Ina cikin ci na ji wani kiɗa ya shigo, na ajiye cokali na ɗaga waya sama kamar mai neman sabis, manhajar gano waƙa ta Shazam ta ba ni sunan nan take. Kwana goma ke nan amshin yana yawo a kaina, har a ɗakin jarrabawa.

Wanda ya ƙona min rai abokina ne. Mako uku ina lallaɓa wani fim mai dogon zango, kashi ɗaya kowane dare, saura biyu in gama. Muna tafe sai ya ce, "Ka kai inda aka kashe wane?" Ban kai ba. Da ya ga fuskata sai ya ce ai ba lallai ya mutu ba. Ya mutu.

Kawu Garmaho:
Ɗana, wannan abokin naka a ja masa kunne.

Ni watan nan kwali na buɗe ina neman takarda, sai ga kaset-kaset ɗina guda goma sha ɗaya, da rubutun hannuna na ƙuruciya a jiki. Na aro rediyo mai kaset wurin maƙwabci. Na farko da na saka sai ya tauna zaren. Na zaro shi a hankali, na zura biro a ramin ina juyawa, jikata tana tsaye tana kallona kamar mai yin dabo. Ta ce, "Kaka, me ya sa ba za ka danna na gaba ba?" Na ce babu na gaba, sai dai ki jira ko ki yi ta laluben wurin.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, Sony ta kawo Walkman a 1979, mu kuma muka ɗauka duniya ta gama ci gaba. Amma ga abin da na lura da shi da na zauna na ji gefe guda har ya ƙare: a da makaɗa sukan share fage. Kiɗa zai yi minti guda yana shimfiɗa tabarma kafin murya ta shigo. Waƙoƙin da jikokina ke ji kuwa, ko sallama babu, da amshi ake buɗe ƙofa. Ga muryar nan da aka goge da na'ura har ba ka bambance wane da wane. Wannan shi ne nawa abin ƙin, na wannan watan da na watan jiya.

'Yar Kallo:
Kawu, ba rashin ladabi ne ya hana su sallama ba, lissafi ne. A manhajoji irin su Spotify sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 ake ƙirga ta a matsayin an ji. Wanda ya tsaya shimfiɗa tabarma, kafin ya gama yatsa ya wuce shi. Na'urar goge muryar kuma, Auto-Tune, ta fito a 1997, kuma wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, da can aikinsa nazarin sauti ne don gano mai a ƙarƙashin ƙasa. An yi ta don gyara ɗan kuskure ne, mawaƙa suka mayar da ita ado. Ni dai ina son ta idan an yi da gangan, ba don ɓoye rashin murya ba.

Nawa ɓacin ran na gidan abinci ne shi ma. Na zauna, babu takardar abinci, sai ɗan tambarin QR a manne a tebur, wanda ake ɗauka da kyamarar waya jerin abincin ya buɗe. Cajina saura kashi biyu cikin ɗari. Na ɗauka, shafin yana juyawa, yana juyawa, waya ta mutu. Na ce a ba ni na takarda, aka ce tun zamanin korona suka daina. Sai da baiwar Allah mai kawo abincin ta miƙo min tata wayar, ina zaɓar abinci saƙonninta suna faɗowa a sama ina kawar da ido. Abin da aka ƙirƙiro a Japan a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota, yau shi ke tsakanina da abincin rana.

Na daɗi: na kashe wurin nan da ke sa kashi na gaba na fim ya fara da kansa. Yanzu idan kashi ya ƙare allo yakan tsaya, ni ma in tuna ina da gado.

Mai Tire:
Anti Uwar Biyu, bari in wanke yaron nan, don shekara huɗu na yi ina wannan aikin. Wallahi yawanci mukan rage. Sai manaja ya leƙo ya ji wurin ya yi sanyi, ya mayar. A ganinsa ɗaki mai ƙara shi ne ɗaki mai rai, mai wucewa ya ji ya ɗauka ana ciniki. Kuma inda ba a jin hira ba a daɗewa, teburi yakan tashi da wuri wani ya zauna. Ga ginin yanzu duk tayil da gilashi, ba labule, ba kafet, ba ƙyalle a kan tebur, sauti ba shi da wurin kwana sai ya yi ta dukan bango yana dawowa.

Idan hira ce ta kawo ku, kafin ku zauna ku ɗaga kai ku nemi lasifika. Ku nemi lungu, bayanku a bango, nesa da ƙofar kicin. Ku zo kafin cunkoso. Kuma manajan za ku nema da kanku, ba yaron ba, cikin fara'a. Maganar baƙo tana da nauyin da tamu ba ta da shi.

Abin da na fi so a watan nan: karo na farko na zauna a matsayin baƙo aka kawo min. Sai da na riƙe hannuna don kada in tattara kwanukan.

Baƙon Dare:
Ni gajere ne nawa. Na ce a sa min yaji kaɗan, aka kawo min gobara. Na shanye kofin ruwa uku, abin sai ƙaruwa yake, don sinadarin da ke cikin barkono ba ya narkewa a ruwa, yawo kawai ruwan ke yi da shi a baki. Wani dattijo a teburin gefe ya ce a kawo min madara. Kurɓa biyu na dawo hayyacina. Duk da haka na cinye, kuma zan koma. Shi ne abin so, shi ne abin ƙi.

Ɗan Auta:
Kawu, na gwada taku. Na kife waya na ji faifai guda daga farko har ƙarshe. Waƙa ta shida, wadda kullum nake tsallakewa, ashe ita ce ta fi. Amma kada a ce na tuba, waƙar da aka ƙara wa gudu har yanzu tana min daɗi.

Kawu Garmaho:
Madalla. Ka zo ka karɓi kaset ɗaya, amma da bironka.

Uwar Biyu:
Mai Tire, Allah ya saka. Jiya mun koma ni da ƙanwar tawa, tun kafin mutane su taru. Na shiga ina kallon silin kamar mai duba yoyo, muka samu lungu, na yi wa manaja magana da kaina ya rage, bai kuma ƙaro ba har muka tashi. Wannan karon na ji komai tas. Abu na farko da ta fara faɗa shi ne, "Yaya, wai me ya ba ki dariya ranar nan?"