Yadda za a auna aikin Bud Selig a besbol

Masu bin wasan besbol sun yi musayar ra'ayi kan Bud Selig, wanda ya riƙe ragamar babbar gasar Amurka, MLB, daga 1992 zuwa 2015. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara da kuɗi. Kuɗin da gasar ke samu a shekara ya tashi daga dala biliyan ɗaya da 'yan kai zuwa kusan biliyan 9, kuma Selig ya sa manyan ƙungiyoyi suna yanka wa ƙanana rabo.

Wasu suka ce kada a manta da 1997, shekarar da aka daina ba wa 'yan wasa riga mai lamba 42 don girmama mai lambar, Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariyar launin fata a gasar a 1947.

Amma dattawan cikinsu sun ja kunne. Yajin aikin 'yan wasa na 1994 ya sa aka soke World Series, wasannin ƙarshe na fitar da zakaran MLB, abin da ba a gani ba tun 1904. Ga kuma magungunan ƙara kuzari da 'yan wasa suka yi ta sha a idon Selig, gwaji bai fara ba sai 2003. Ni ma a nan na fi tsayawa, don ya daɗe yana kau da kai.