Baki shi ke yanka wuya: wuyan wa, kuma wa ke riƙe da wuƙar?

Ɗan Kusiri: Salamu alaikum. Shekaranjiya na rubuta a Facebook irin kuɗin da ake karɓa a hannun direbobi a shingayen da ke tsakanin Marwa da Kusiri a arewacin Kamaru. Ko awa ba a yi ba kawuna ya kira ni: "Goge shi yanzu, baki shi ke yanka wuya." Na goge, amma abin ya tsaya mini a rai. Abin da magabata suke nufi ke nan?

Malamin Marwa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka ga laifin kawunka. A nan Marwa aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, gidan rediyon Faransa, a watan Yulin 2015. Kotun soja a Yawunde ta ɗaure shi shekara 10 da dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014, bai fito ba sai Disambar 2017. Mutumin da muke jin muryarsa kullum da safe ke nan. Duk uban da ya ga haka dole ya ja kunnen ɗansa.

Hajiya ta Injamena: Allah gafarta Malam, ban ƙi taka ba, amma an ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. Kakata kan faɗe ta ne ga mai tsegumi, ko mai tona asirin gida, wanda bakinsa ya jawo masa. Mu a Cadi daga Maris 2018 har Yulin 2019, wata 16, gwamnati ta toshe WhatsApp da Facebook. Ni turaren wuta nake sayarwa, hoto nake tura wa masu saye a Garwa da Maiduguri. Me bakina ya ce? Sai na ba yarona kuɗin babur ya je bakin kogi wajen gadar Ngeli da ke kan iyakarmu da Kamaru ya kamo layin Kamaru, sannan saƙo ɗaya ya tafi. Da muka koma VPN, manhajar da ake kewaye toshewar da ita, katin jaka ɗaya ta sefa ba ya kwana. Wanda ya yi magana da wanda ya yi shiru duk an yanka mu tare.

Ɗan Garwa: Haka aka yi wa Bamenda da Buea, a yankin Kamaru mai amfani da Ingilishi, a 2017, daga Janairu zuwa Afrilu babu intanet. Sai dai Hajiya, akwai wata da na fi jin tsoro: magana zarar bunu ce. Lokacin rikicin ƙabilar Musgum da Larabawan Shuwa a Disambar 2021, saƙonnin murya na riƙa samu, wannan ya ce an ƙone kaza, wancan ya ce an kashe wane, ba wanda ya gani da idonsa. Irin wannan bakin ba wuyan mai shi kaɗai yake yankawa ba.

Hajiya ta Injamena: Gaskiya ne ƙanena, kuma mai ƙirƙirar ƙarya a kai shi gaban alƙali shi kaɗai. Amma ranar da aka rufe layi ƙarya ba ta tsayawa, da ƙafa take shiga kasuwa, mai ƙaryata ta ne ake hana wa baki.

Malamin Marwa: Na karɓi gyara a nan, Hajiya. Uba zai iya faɗa wa ɗansa wannan magana don tausayi. A bakin mai iko kuwa barazana ce, don shi ke riƙe da wuƙar.

Ɗan Kusiri: Na gode, iyayena. Ban zagi kowa ba a rubutun, shingaye kawai na ƙirga da abin da direbanmu ya miƙa a kowanne. Gobe bayan sallar asuba zan je wurin kawu in karanta masa shi da bakina, in ya ji babu ƙarya a ciki in nemi izininsa in mayar.